Ra'ayi: Matashin Dauran da ke son koyon COBOL ya zaɓi editan da ke aiki ranar da babu sabis

A ranar 3 ga Satumban 2021 ne Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bayan gwamnatin Bello Matawalle ta nemi a yi hakan domin bai wa jami'an tsaro damar fatattakar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis ɗinta a farkon Oktoba, amma Dauran da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda suka ci gaba da zama a rufe na tsawon makonni bayan haka. Masu POS suka naɗe tabarmarsu, 'yan kasuwa suka koma aika saƙo ta hannun direbobi, wasu kuma sai sun ƙetara wata jihar kafin su ji muryar 'yan uwansu.

An yi ta maganar asarar da 'yan kasuwa suka tafka a wancan lokaci. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne ɗalibin da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta. Idan duk kayan karatunsa a intanet suke, ranar da aka kashe layi makarantarsa ta tashi ke nan. Wanda kuwa kayan aikinsa ke cikin laftof ɗinsa, cajin batir kawai yake nema ya ci gaba da karatu.

Wannan ya kamata ya zama ma'auni na farko ga duk matashin yankin da ke shirin shiga fannin manyan kwamfutocin da ake kira menfirem, yake kuma tambayar wane edita zai riƙe. Edita a nan ba na gidan jarida ake nufi ba. Manhaja ce da mai shirya manhaja ke buɗewa ya rubuta umarninsa layi bayan layi, kamar yadda tela ke zama gaban kekensa. A Legas ko Bangalore mutum na iya zaɓar edita saboda kyawunsa ko yawan abin da yake iya yi. A Dauran tambayar farko ita ce ko zai yi aiki idan sabis ya ɗauke, wuta ta ɗauke, laftof ɗin kuma ta hannu ce mai ƙaramin ƙarfi.

Me ya haɗa menfirem da Zamfara?

Menfirem ita ce babbar kwamfutar da manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama da hukumomin gwamnati a Amurka da Turai da Asiya ke ɗora wa lissafin da ba a yarda ya tsaya ba. Kamfanin IBM ne ke riƙe da mafi yawan kasuwarta. Tun a 1964 ya fito da System/360, kuma zuriyarta ce ta kai ga z16 a 2022 da z17 a 2025. Abin da ya bambanta wannan zuriya da sauran kwamfutoci shi ne, manhajar da aka rubuta shekaru arba'in da suka wuce takan ci gaba da aiki a kan sabuwar na'ura.

Yawancin waɗannan manhajoji da harshen COBOL aka rubuta su. Wani kwamiti ne ya tsara harshen a Amurka a 1959, bisa tubalin aikin Grace Hopper, domin lissafin kasuwanci: albashi, haraji, ajiyar banki, fansho. Waɗanda suka ƙware a kansa da yawa sun yi ritaya ko suna gab da yi. A Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, Gwamnan Jihar New Jersey, Phil Murphy, ya fito fili yana neman masu sanin COBOL su kawo ɗauki, saboda tsohuwar manhajar biyan tallafin marasa aiki ta kasa ɗaukar yawan masu nema.

Sai dai a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Galibin bankunan Najeriya ba a kan irin wannan tsari suke ba. Manhajoji irin su Finacle da Flexcube da T24 ne suka fi yawa a cikinsu. Shi kansa IBM a 2025 ya miƙa harkokinsa na Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ga kamfanin MIBB. Aikin menfirem dai mafi yawansa a waje yake, ko a hannun kamfanonin kwangila, musamman na Indiya, kuma bankuna ba sa saurin buɗe wa baƙo ƙofar na'urarsu daga nesa. Duk wanda ya ce wa matashi zai koyi COBOL cikin wata uku ya fara karɓar dala, yaudararsa yake yi.

Duk da haka fannin ya cancanci a dube shi. Kowa ya ruga zuwa zanen shafukan intanet da manhajojin waya, wurin ya cika maƙil. Nan kuwa masu shiga kaɗan ne, ilimin kuma ba ya tsufa duk bayan shekara biyu. Ba kuma baƙon abu ba ne a makarantun kimiyya da fasaha na ƙasar nan. Tsohuwar manhajar karatun difloma ta kimiyyar kwamfuta da hukumar NBTE ta yi shekaru tana amfani da ita ta ƙunshi darasin COBOL da na FORTRAN. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ce babbar makarantar da ta fi kusa da ɗan Dauran ko Moriki ko Shinkafi. Matsalar da aka saba gani a makarantu da dama ita ce ɗalibi ya haddace COBOL a takarda, ya ci jarrabawa, bai taɓa ganin abin da ya rubuta ya yi aiki a kan allo ba.

Dokar gurbi 80

Kafin a kwatanta editoci, sai an san abin da ya sa ba kowane edita ne ya dace da wannan aiki ba. An haifi COBOL a zamanin kati mai huji, kowane kati kuma gurbi 80 gare shi. Wannan tsari har yau yana nan a mafi yawan tsofaffin manhajoji. Gurbi na 1 zuwa na 6 na lambar layi ne. Gurbi na 7 na alama ne, idan aka sa tauraro a nan layin ya zama bayani kawai, na'ura ba za ta aiwatar da shi ba. Daga na 8 zuwa na 11 ake fara manyan kanun sassa, daga na 12 zuwa na 72 ake rubuta umarni. Abin da ya faɗa gurbi na 73 zuwa na 80 kuwa manhajar fassara ba ta ko kallonsa.

A nan haɗarin yake. Idan aka rubuta lamba mai tsawo, sifili ɗinta na ƙarshe ya zarce gurbi na 72, na'ura za ta iya karanta dubu goma a matsayin dubu ɗaya ba tare da ta yi ƙorafi ba. Haka maɓallin Tab da ake tura rubutu gaba da shi a Word: a ido layi ya daidaita, a wurin na'ura ya karkace. Editan da ba ya nuna wa mai rubutu gurbin da yake, ba ya kuma mayar da Tab zuwa sarari na gaske, bai dace da COBOL ba komai kyawunsa.

Akwai wata matsala da ta shafi Bahaushe kai tsaye. Laftof da waya suna ajiye haruffa da tsarin Unicode, menfirem kuwa ta gaji wani tsari da ake kira EBCDIC. Sanannun jadawalansa, irin su 037 da 1047, ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ. Wanda ya rubuta Ƙaura ko Ɗanladi a laftof ya tura, edita zai fassara haruffan a hanya, kuma mai lanƙwasa na iya komawa wata alama marar ma'ana. Sababbin nau'o'in COBOL na IBM suna iya sarrafa Unicode, amma sai mai rubutu ya san da matsalar ya kuma nemi a yi hakan. Editan kirki shi ne wanda ke nuna wa mai aiki da wane jadawali yake fassara.

Zaɓi huɗu da ke gaban ɗalibi

Na farko shi ne ISPF, editan da ke zaune a cikin menfirem ɗin kanta, wanda asalinsa ya koma shekarun 1970. Ana shigarsa ta allon 3270, wanda IBM ya fito da shi a 1971, mai layi 24 da gurbi 80. A yau ƙaramar manhaja ce ke kwaikwayon allon a laftof, akwai ta kyauta irin su x3270. Babu hoto, babu ado. Mai aiki yana buga harafi a gefen layi: D ya goge, I ya buɗe sabon layi, R ya maimaita, ya rubuta COLS ma'aunin gurabe ya bayyana. F7 da F8 na hawa da sauka, F3 na ajiyewa da fita.

Matasa da yawa suna ganin wannan baƙin allo su raina shi. Amma yana da wata baiwa da ta dace da karkara. Ba ya aika kowane harafi da aka buga. Sai an cika allo an danna Enter sannan yake tura abin da ya canza. Saboda haka datar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, kuma yana jure wa sabis mai rauni. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Rauninsa shi ne dole sai da layi. Idan sabis ya yanke, aiki ya tsaya, abin da ba a ajiye ba kuma yana iya salwanta idan ba a kunna RECOVERY ba.

Na biyu shi ne Visual Studio Code na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015 kuma kyauta ne. Shi kaɗai bai san menfirem ba, sai an ƙara masa kayan haɗi. IBM Z Open Editor yana gane COBOL da PL/I da JCL, yana ja wa kuskure layi tun kafin a tura. Zowe Explorer, daga shirin Zowe da aka ƙaddamar a 2018 a ƙarƙashin Linux Foundation, shi ke haɗa laftof da menfirem a ɗauko fayil ko a tura aiki. Kamfanin Broadcom ma yana da nasa kunshin, Code4z. Babban amfanin wannan hanya shi ne fayil yana zaune a laftof. Ana iya rubutu mako guda babu intanet, a tura ranar da sabis ya dawo. Amma yana da nauyi. Z Open Editor yana buƙatar Java, kuma a laftof mai RAM gigabait 4 haɗin biyun yana sa na'ura jan ƙafa, batir ya ƙare da wuri.

Na uku shi ne IBM Developer for z/OS da ire-irensa, waɗanda aka gina kan Eclipse. Kayan aiki ne na manyan kamfanoni, suna da ƙarfi wajen bin diddigin kuskure, amma lasisinsu na kuɗi ne, kuma sun fi VS Code nauyi. Ɗalibi ba ya buƙatarsu. Abin da ya fi muni shi ne ya je neman na sata a wurin masu tura manhaja a kasuwa. Irin waɗannan kwafe-kwafe sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma wanda ke fatan wata rana banki ya amince masa da asusun jama'a bai kamata ya fara sana'arsa da kayan sata ba.

Na huɗu su ne editocin da ke aiki cikin burauza, inda komai ke zaune a wata na'ura a wata ƙasa. Suna da sauƙin farawa, ba sai an ɗora komai ba. Su ne kuma suka fi kowanne rashin dacewa da arewacin Zamfara, domin da su Satumban 2021 zai zama hutun dole na watanni.

Wanne za a ɗauka?

Tsarin da ya fi dacewa da ɗan Dauran shi ne ya mayar da laftof ɗinsa gidan aikinsa. Idan na'urar na da ƙarfi, VS Code da Z Open Editor. Idan ba ta da shi, Notepad++ ko Vim sun wadatar, dukansu kyauta ne, marasa nauyi, suna kuma gane COBOL. Ya sa ma'auni a gurbi na 7 da na 72, ya hana Tab shiga. Sannan ya ɗora GnuCOBOL, manhajar fassara ta kyauta da ke mayar da COBOL zuwa harshen C ta gudanar da shi a laftof ba tare da intanet ba. Da waɗannan biyu zai iya rubuta manhajar lissafin bashin shago, ko ta albashin malaman wata makaranta, ya ga sakamako da idonsa. Idan ya haɗa da Git, duk gyaran da ya yi yana da tarihi a cikin na'urarsa, ya tura shi waje idan ya samu layi.

Amma tsayawa a nan kuskure ne. GnuCOBOL ba menfirem ba ce. Ba za ta koya masa JCL ba, harshen da ake gaya wa na'ura wane aiki za ta gudanar da kuma wane fayil za ta buɗe. Ba za ta nuna masa yadda ake karanta rahoton aikin da ya faɗi ba. Waɗannan a baƙin allo ake koyonsu, shi ya sa ISPF ya zama dole. A wuraren aiki da yawa, idan lissafin dare ya tsaya da ƙarfe biyu, ta ISPF ake shiga a duba. Ma'aikacin da bai iya shi ba kamar direba ne da bai iya mota mai giya ba: zai yi tuƙi lafiya har ranar da aka miƙa masa makullin wata motar.

Akwai hanya biyu ta koyon baƙin allo. Idan akwai sabis, IBM Z Xplore yana bai wa ɗalibi damar shiga z/OS na gaske kyauta, ta VS Code da kuma ta 3270. Idan babu, akwai Hercules, manhajar da ke kwaikwayon menfirem a cikin laftof, wadda ake ɗora wa tsohon tsarin MVS 3.8j. Masu sha'awa sun haɗa shi cikin kunshi irin su TK4- da TK5, da edita mai kama da ISPF a ciki. COBOL ɗinsa tsoho ne sosai, kuma IBM ba ya ba da lasisin ɗora z/OS na zamani a kan Hercules. Amma JCL da tsarin fayil da ɗabi'ar allon duk ana koyonsu a nan, ko da an kashe duk turakun sadarwa na jihar.

Abin da masu suka za su ce

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne, tunda kamfanin da ya ɗauki mutum aiki shi zai zaɓa masa edita. Gaskiya ne. Banki ba ya barin ma'aikaci ya ɗora abin da ya ga dama. Amma wannan hujja ce ta koyon biyun. Wanda ya saba da gurabe da JCL da baƙin allo, ya kuma saba da VS Code da Git, duk wanda aka miƙa masa zai kama cikin kwanaki.

Wasu kuma za su ce ƙirƙirarriyar basira ta kusa kashe COBOL, ga shi IBM da kansa ya fito da watsonx Code Assistant for Z a 2023 domin taimakawa wajen mayar da COBOL zuwa Java. Amma babu bankin da zai sauya manhajar da ke riƙe da ajiyar mutane ba tare da wani ya karanta tsohuwar da sabuwar ya tabbatar kobo bai ɓace ba. Mai wannan karatu dole ya san COBOL. Sannan irin waɗannan mataimaka galibi da intanet suke aiki, ana kuma biyansu da dala. Ɗalibin da ya dogara da su tun ranar farko, ranar da layi ya yanke zai tarar hannunsa bai iya komai ba.

Suka ta uku ta fi nauyi. Mutanen da ke kwana da fargabar hari, waɗanda hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ko Shinkafi ta zame musu abin addu'a kafin a hau, ina su ina maganar edita? Tsaro ne kan gaba, babu jayayya. Amma matasan yankin ba su daina zuwa makaranta suna jiran ranar da komai zai daidaita ba. Suna karatu a cikin halin da ake ciki, don haka shawarar da za a ba su dole ta yi la'akari da halin. Tura musu tsarin karatun da aka shirya wa mai wuta awa 24 da intanet marar yankewa wani nau'i ne na mantawa da su.

Nauyin da ke kan makarantu da gwamnati

Abin da ake buƙata ba ya da tsada. Kwalejin Ƙauran Namoda, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, kowace na iya ware kwamfuta ɗaya ta ɗora mata Hercules, ta haɗa ta da sauran na ɗakin gwaji da waya, ta sa mata sola. Ɗalibai da dama za su iya shiga lokaci guda ta allon 3270, babu ko sisin data. A kuma tara VS Code da kayan haɗinsa da Java da GnuCOBOL da littattafan IBM na kyauta a filas ɗaya, ɗalibi ya kwafa ya tafi da shi gida Dauran ko Moriki.

Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku, da hukumar NITDA, da takwararta ta jiha ZITDA, ya kamata su riƙa yi wa duk kwas ɗin da za su kawo arewacin Zamfara tambaya ɗaya: kashi nawa na darasin za a iya yi babu intanet? Gwamna Dauda Lawal ya yi shekaru a First Bank har ya kai babban darakta, don haka ba sai an yi masa bayanin abin da ke faruwa idan manhajar banki ta tsaya ba, ko darajar mutanen da ke tayar da ita.

Shi kuwa ɗalibi, gwajin da zai yi wa kowane edita mai sauƙi ne. Ya kashe data, ya cire caja, ya buɗe laftof ya ga ko zai iya rubuta manhaja, ya fassara ta, ya ga sakamakonta kafin batir ya mutu. Editan da ya ci wannan gwaji shi ne na riƙewa kullum. ISPF kuma ya ware masa lokaci duk mako, a Hercules idan babu layi, a Z Xplore idan akwai, har yatsunsa su san inda F3 yake ba sai ya duba ba.